Yadda za ku shirya hutun ƙarshen mako a gidan katako na karkarar Ingila lokacin kaka

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman mu da ke zaune a nan Birtaniya, ɗalibai da ma'aikatan asibiti da masu aikin kula da tsofaffi da iyalansu. Abin da ke damuna shi ne mutum zai yi shekara uku, huɗu a ƙasar nan amma abin da ya sani bai wuce ɗakinsa da tashar bas da wurin aiki ba, daga shif sai barci, daga barci sai shif, in an samu hutu a kwana ana kallon waya. Alhali awanni kaɗan daga inda kake akwai tsaunuka da tafkuna da dazuzzukan da mutane ke biyan kuɗin jirgi daga wata nahiya don su zo su gani. To ga yadda ake yi, daga kama gida har mayar da makulli. Zan yi misali da yankin Lake District da ke Cumbria a arewa maso yammacin Ingila don shi na fi sani, amma yawancin abin da zan faɗa zai yi muku aiki ko Wales kuka nufa ko Scotland.

Da farko ku tsayar da rana

Ganye yana juyawa ja da ruwan ɗorawa ne daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, shi ne ainihin lokacin da ake so. Amma akwai abu biyu da za ku duba a kalanda kafin ku ce ga ranar. Na ɗaya hutun rabin zango na makarantu, wanda a yawancin Ingila yake faɗowa makon ƙarshe na Oktoba, a makon nan kuɗin gida tashi yake sosai kuma ko'ina cike da mutane, in ba ku da yara 'yan makaranta to ku kauce masa, ku ɗauki makon da ke gabansa ko na bayansa. Na biyu canjin agogo. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin ranar rana na faɗuwa a can wajen shida saura, washegari kuwa kafin biyar gari ya yi duhu. Wannan awa ɗayan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai yi tuƙi a hanyar ƙauye, don haka ni a ganina mako na biyu ko na uku na Oktoba ya fi.

Yawancin masu gidajen nan Juma'a zuwa Litinin suke bayarwa, ko Litinin zuwa Juma'a, wasu kuma suna yarda da kwana biyu. In rotar aikinku za ta ba ku dama ku ɗauki na tsakiyar mako, ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Sai neman gidan

Nan ne ake yin kuskure mafi yawa don haka zan ɗan daɗe. Gidan katako iri biyu ne. Akwai wanda yake cikin babban fili mai gidaje da yawa a jere, da ofishin karɓar baƙi da shago da wurin wasan yara, irin Center Parcs na Whinfell Forest kusa da Penrith ko wuraren da ake samu ta Hoseasons. Akwai kuma wanda wani manomi ya gina guda ɗaya ko biyu a gefen gonarsa, babu kowa sai kai da tumaki, irinsu an fi samu a Airbnb da Booking.com da Sykes Cottages. In tafiyarku ta farko ce kuma da ƙananan yara, ku ɗauki na farkon, don in hita ta ƙi kamawa da tsakar dare akwai wanda za a kira. In kuma ango da amarya ne, ko abokai manya masu mota, na biyun ya fi daɗi wallahi, shirun wurin kaɗai ya isa.

Kada ku tsaya a hoto. Ku karanta abin da mutanen da suka kwana suka rubuta, kuma ku nemo na waɗanda suka je a Oktoba ko Nuwamba, don gidan da ya yi daɗi a Yuli zai iya zama firij a kaka. Ku tambayi mai gidan kai tsaye: akwai hita a kowane ɗaki ko murhun itace ne kaɗai? Itacen yana cikin kuɗin ko saya za mu yi? Akwai zanin gado da tawul? Mota tana isa har ƙofa ko sai an ajiye an taka? Akwai netwok, akwai intanet? Murhun girki na gas ne ko na lantarki, in na lantarki ne wane iri? Wannan ta ƙarshen tana da dalili, zan zo kanta. Sannan ku duba jimillar kuɗin a shafin ƙarshe, don wani wurin sai ka zo biya za ka ga an ƙara kuɗin shara da kuɗin ajiya na ko za a yi ɓarna.

Gidaje da yawa suna da bahon ruwan zafi a waje, kuma shi ke sa kuɗin ya hau. Ku duba hoto da kyau ku ga ko a killace yake, don wani a fili yake maƙwabta na kallo, kun ga ke nan an biya kuɗin abin da matan gidan ba za su shiga ba. Mai juna biyu kuma ba a so ta shiga ko da a killace yake.

Kuɗi kuwa ku biya ta cikin shafin da kuka ga gidan. Duk wanda ya ce ku turo masa ta banki kai tsaye zai rage muku, ku rabu da shi. In ƙungiya ce za ku tafi, kowa ya turo kasonsa kafin a kama gidan, ba bayan an kama ba, zumunci ya fi daɗewa a haka.

Hanya

Mai mota babbar hanyar M6 zai bi. In kudancin yankin za ku, wajen Windermere da Ambleside, mahaɗa ta 36 za ku fita, in kuma Keswick ko Ullswater ne ku wuce zuwa ta 40 a Penrith. Daga Manchesta kamar awa ɗaya da rabi ne in hanya ta yi kyau, daga Landan kuwa ku sa awa biyar zuwa shida, kuma yammacin Juma'a M6 ba ta da tabbas. Wanda ya zo da lasisin Najeriya ya tuna wata 12 kawai aka ba shi ya yi tuƙi da shi daga lokacin da ya zama mazaunin ƙasar, in ya wuce kada ya yarda a ba shi sitiyari. Yaro kuma sai da kujerarsa ta mota har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135.

Marar mota ma zai iya. Jirgin ƙasa daga tashar Euston ta Landan yana tsayawa a Oxenholme, nan za ka canza zuwa ƙaramin jirgin da ke ƙarewa a Windermere, sannan bas mai lamba 555 tana bi ta Ambleside da Grasmere har Keswick. Sai dai ka tabbata gidan da ka kama yana kusa da inda bas ke tsayawa, don tasi a can ba kamar birni ba ne, sai ka kira tun da wuri. Ɗalibai ku yi amfani da katin ragin kuɗin jirgin ƙasa na 'yan shekara 16-25, kashi ɗaya cikin uku yake ragewa, kuma ɗalibin cikakken lokaci ko ya haura 25 yana iya samu.

Babbar shawarata a duk rubutun nan: ku isa kafin magariba. Hanyoyin ƙauyen can matsattsu ne, wata mota ɗaya kawai take ɗauka, katangar dutse dama da hagu, babu fitilar titi ko ɗaya, ga tumaki suna kwanciya a kan kwalta. In kun haɗu da wata mota wanda ya fi kusa da ɗan faɗin da aka ware shi ke ja baya, kuma ana ɗaga hannu a yi godiya. Lambar adireshi guda a can tana iya haɗa gonaki da yawa, taswirar waya za ta ce kun iso alhali gaban wata ƙofar gona kuke tsaye, saboda haka kwatancen da mai gida ya turo shi za ku bi, ku ɗauki hotonsa a waya tare da lambar akwatin makulli tun kuna gida, ku kuma sauke taswirar yankin don ta yi aiki ba netwok. In taswira ta ce ku bi ta Hardknott ko Wrynose, ku ƙi. Hawan Hardknott yana kai wa kashi 30 cikin 100 ga kwanoni masu kaifi, ba hanyar baƙo ba ce ko da rana.

Maganar sallar Juma'a, na Manchesta da Bradford da Leeds za su iya yin salla su kama hanya nan take su isa da haske. Na nesa ku fito da sassafe ku tsaya a Preston ko Lancaster, akwai masallatai. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuma ku tambayi malaminku kafin ku tashi, kada a je can ana musu.

Kayan da za ku ɗauka

Nama ku saya tun daga birni. Shagon halal a cikin yankin nan abu ne mai wuyar samu, don haka ku bi ta Cheetham Hill ko Rusholme in Manchesta kuke, ko ku tsaya Preston ko Blackburn a hanya. Abin da ya fi sauƙi ma shi ne uwargida ta dafa miya tun Laraba ko Alhamis a sa a firiza ta daskare, ranar tafiya a saka a kula, da kun isa sai dafa shinkafa ko taliya kawai. Ba a zo hutu don mutum ɗaya ya wuni a kicin ba, maza ku karɓi wanke-wanke da shayi. Yaji, attarugu, magi, man gyaɗa, ganyen shayi, citta da kanumfari, garin kunu na safe, duk ku zo da abinku. Burodi da madara da ƙwai da kifi akwai su a can, akwai babban kanti na Booths dab da tashar jirgin Windermere, akwai kuma a Keswick, amma ku tuna ranar Lahadi manyan kantuna a Ingila awa shida kawai suke buɗewa, yawanci kafin huɗu da 'yan mintuna an rufe.

Tukwanen da ake ajiyewa a gidajen nan ƙanana ne, kuma an soya naman alade a cikinsu ba sau ɗaya ba, mai son hankalinsa ya kwanta ya zo da tukunyarsa ɗaya babba da kasko da wuƙa mai kaifi. Ga dalilin tambayar murhu da na ce ku yi: in irin na lantarkin nan ne mai aiki da maganaɗisu, tukunyar dalma ba za ta taɓa yin zafi a kai ba ko za a kwana. Gwajin mai sauƙi ne, ku manna maganaɗisun firij a gindin tukunyar, in ya kama to za ta yi.

Buta. Kada ku manta da buta, babu ita a can kuma babu inda za ku saya. Ku haɗa da silifas na banɗaki da tsohon tawul na goge ƙasa bayan alwala, don daɓen katako ba ya son ruwa ya kwanta. Da yawan gidajen ramin masai nasu ne na kansu ba na gwamnati ba, in aka zuba audugar goge jarirai toshewa yake, a kwandon shara ake sa ta. Dardumar salla, in akwai mai ledar ƙasa ta fi don fita. Alƙibla daga can kudu maso gabas ce, wajen digiri 118, ku duba tun kuna da netwok.

Sutura kuwa ku shirya wa ruwan sama ko da an ce ba za a yi ba. Seathwaite da ke kwarin Borrowdale ana lissafa shi wurin da ya fi ko'ina samun ruwa cikin wuraren da mutane ke zaune a Ingila, sama da mita uku a shekara, kun ga ke nan. Riga kan riga ya fi babbar jaket guda ɗaya, ta sama ta zama marar shan ruwa, takalmi mai ƙwarin gindi, safa da yawa, hula da safar hannu. Wandon jins in ya jiƙe ba ya bushewa, sanyi kawai zai riƙe maka. 'Yan uwa mata, abaya mai jan ƙasa taɓo za ta kwasa kuma tana harɗe ƙafa a gangara, doguwar riga zuwa gwiwa ko ƙasa kaɗan da wando mai kauri ta fi, hijabi kuma wanda iska ba za ta yi ta ɗagawa ba. Tocila, caja, fawabank, maganin ciwon kai da filasta.

Da kun isa

Kafin a baje kaya mutum ɗaya ya zagaya da waya ya ɗauki hoton duk wani tabo ko abin da ya samu a karye ya tura wa mai gida. Sai a nemo littafin bayanin gidan, yawanci yana kan tebur, a ciki za ku ga yadda ake kunna hita da ruwan zafi da ranar fitar da shara. Sannan ku nemo na'urar gargaɗin hayaƙi da ta iskar gas mai guba, ku danna maɓallin gwaji ku ji ta yi ƙara. In gida yana da murhun itace kuma babu ta biyun, kada ku hura wuta sai kun yi magana da mai gidan.

Hura murhun ba wuya. Ku buɗe duk ƙofofin iskar da ke jikinsa, ku jera manyan itace biyu a ƙasa, ƙirare a kai a gicciye, abin kunna wuta a can sama, a kunna daga sama wutar ta ci ta sauko, a bar ƙofar a ɗan buɗe minti kaɗan sannan a rufe. In ta kama sosai sai a rage iskar, amma ba a toshe ta gaba ɗaya, in gilashin ya fara yin baƙi alama ce iska ta yi kaɗan ko itacen ɗanye ne. In za ku sayi itace ku duba buhun da ke da tambarin Ready to Burn, tun 2021 doka ta ce wanda ake sayarwa a ƙananan buhuna a Ingila danshinsa kada ya wuce kashi 20. Kada a tsinto na daji, jiƙaƙƙe ne, hayaƙi kawai zai yi. Kada a zuba fetur ko kananzir. Hannun ƙofar murhun yana zafi, akwai safar hannu ta musamman a gefe, yara kuma a ja musu layi tun daren farko.

Sannan don girman Allah kada wanda ya shigo da gawayi cikin gida, ko na gashi ne da ya rage bayan an gama a waje, ko da ya yi kamar ya mutu. Mun san yadda kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu yake ɗauke iyali guda cikin barci a gida, to iskar ɗaya ce, ba ta da wari ba ta da launi. In mutum biyu ko uku suka fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci ɗaya, ko na'urar ta yi ƙara, kowa ya fita waje a buɗe ƙofofi a kira 999. Turaren wuta ma ku haƙura da shi na kwana ukun nan, zai tayar da na'urar hayaƙi, kuma masu gida da yawa sun hana ko kyandir, ƙamshin da ya kama labule za su iya cire muku kuɗi a kai.

Asabar

Fita ɗaya ta isa. Mutanenmu in sun zo sai su so ganin wuri biyar a rana ɗaya, a ƙare a mota ana neman wurin fakin. Ku zaɓi ɗaya ku fita da wuri, kafin goma, don wuraren ajiye mota cika suke kuma na kuɗi ne.

In da yara ko dattijai ko keken jariri, Tarn Hows kusa da Coniston, ƙaramin tafki ne da ake zagayawa, bai kai mil biyu ba, hanyar a gyare take, bishiyoyi sun kewaye shi kuma a Oktoba launinsu yana faɗawa cikin ruwan ka ga komai biyu-biyu. Wanda ya zo ta jirgi ya hau tudun Orrest Head, farkon hanyar yana tsallaken titi daga tashar Windermere, minti ashirin zuwa talatin kana sama kana hango tafkin Windermere, wanda ya fi kowane tafki na asali girma a Ingila, tsawonsa ya haura mil 10. Wajen Ullswater akwai Aira Force, ruwa ne ke zubowa daga tsayin kusan mita 20 a cikin daji, bayan an kwana ana ruwa ƙararsa tun daga nesa za ka ji, kuma in da rabo za ku ga jan kurege, wanda ya ɓace a yawancin Ingila amma yana nan. Matattakalar wurin tana da santsi, a riƙe hannun yara. Matasa masu ƙarfi su gwada tsaunin Catbells kusa da Keswick, mita 451, akwai inda sai an dafa dutse da hannu. Scafell Pike kuwa, mita 978, mafi tsawo a Ingila, ku bar shi sai wani zuwan da wanda ya san hanya, ba na ranar farko ba ne kuma ba na gajeriyar rana ba.

In ruwa ya hana tafiya ku shiga jirgin ruwa daga Bowness zuwa Ambleside, akwai rufi a ciki, ko ku zaga kasuwar Keswick da ke ci Asabar da Alhamis.

Kafin ku fita ku duba hasashen hukumar yanayi ta Met Office na tsaunuka, ba na gari ba, don ƙasa na iya zama lafiya lau sama kuma hazo da iska. Ku faɗa wa wani inda za ku da lokacin dawowa. In wani abu ya faru a kan tsauni 999 za ku kira ku ce 'yan sanda, sannan ku ce masu ceto na tsauni, waɗannan mutanen 'yan sa kai ne ba albashi suke karɓa ba, don haka kada mu jawo musu fita da ganganci. Hanyoyin ƙafa da yawa ta cikin gonakin mutane suke ratsawa, ƙofar da kuka samu a rufe ku rufe, wadda kuka samu a buɗe ku bar ta, kada yara su kori tumaki, shanu masu 'yan maruƙa a zagaye su daga nesa. Naman kaza yana fitowa ko'ina a kaka, kada a taɓa, wasu kisa suke. Ruwan tafkin kuma sanyinsa yana ɗauke numfashi ko ga gwanin iyo. Da kun dawo a duba jikin yara ko kaska ta kama, musamman bayan gwiwa da wuya.

Wasu suna tambaya ko za a yi mana kallon baƙi. Gaskiya baƙar fata da masu hijabi ba su da yawa a can, za a iya kallonku, amma al'adar masu yawon tsauni ita ce duk wanda aka haɗu da shi a hanya a gaisa, ku gaishe su za su amsa. Wanda bai son fara fita shi kaɗai ya nemi ƙungiyar Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa a 2020, suna shirya tafiye-tafiye na rukuni. Ku fita da alwalarku, don azahar da la'asar suna matsowa kusa da juna a wannan lokacin, kuma ruwan waje ƙanƙara ne.

Dare kuma ku bar shi babu tsari. A ci abinci da wuri, a dafa shayi mai citta, a ajiye waya a yi hira, yara su ji tatsuniya da Hausa. In sama ta washe ku kashe fitilun waje ku fito ku ga taurari, yaran da aka haifa a Landan da yawa ba su taɓa ganin sama haka ba. Amma murya a ƙasa bayan goma, sauti yana tafiya nesa a wurin shiru kuma maƙwabta ma hutu suka zo.

Ranar tashi

Yawanci ƙarfe goma na safe ake son ku fita, don haka a haɗa kaya tun dare, kuma kada a hura murhu da safen. Toka tana riƙe wuta fiye da kwana ɗaya, kada a kwashe ta a leda ko kwandon roba, in babu bokitin ƙarfe ku bar ta a cikin murhun ku rufe ƙofar. A wanke kwanuka, a goge man da ya fantsama a jikin murhun girki, a kwashe komai daga firij, a raba shara yadda littafin gidan ya ce, kwalba daban, kwali daban. A buɗe taga na ɗan lokaci ƙamshin girki ya fita sannan a rufe. Ku duba ƙarƙashin gado da bayan ƙofar banɗaki da soket, caja da buta su aka fi mantawa. Ku sake ɗaukar hoton kowane ɗaki, ku mayar da makulli cikin akwatinsa ku juya lambobin, ku tura wa mai gida saƙo cewa kun tashi. In Lahadi za ku koma ku kama hanya kafin azahar, don daga la'asar M6 ta kudu cika take da masu komawa, mai shif ɗin safiyar Litinin kuma yana buƙatar ya isa gida ya yi barci.